Saura zango ɗaya in gama: shagon Baba ko neman tallafin karatu?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Ina aji huɗu, ina karanta ilimin ƙananan halittu, wato maikurobayoloji. Likitanci na nema tun farko, makina bai kai ba, aka ba ni wannan na karɓa. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci mana wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yanzu dai saura zango ɗaya in fita, makina 3.41 cikin 5.

Shekaranjiya bayan isha'i Baba ya kira ni ɗakinsa. Yana zaune a kan buzu yana shafa man zafi a gwiwa, ya ce ƙafar nan ba ta barinsa ya wuni a kasuwar Katako ta nan Jos kamar da, in na gama bautar ƙasa in zo in riƙe shagon hatsi. Kaina a ƙasa, ban iya cewa uffan ba. A ɗaya gefen kuma wani abokina ya haɗa ni da wani ejan a Abuja, ya ce in kawo naira dubu 350 zai samo min gurbin digiri na biyu a waje har da tallafi. Umma ta ce idan ta kwashi adashinta ƙarshen wata za ta ba ni. Kwana biyu ke nan ba na barci sosai. Me kuke gani?

Babban Yaya na Abuja:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kada ka bari kuɗin adashin Umma ya shiga hannun mutumin nan. Ko sisi. Duk tallafin karatu na gaske da na sani, kyauta ake cike fom ɗinsa, kuma kai da kanka kake cikewa a shafinsu. Chevening ta Birtaniya kyauta ce, ta gwamnatin Turkiyya kyauta ce, DAAD ta Jamus ma haka. Babu ejan da yake da kujera a teburin da ake zaɓen mutane. Abin da irinsu suke yi shi ne su samo maka takardar shiga wata makarantar kuɗi, su kira ragin kuɗin makaranta da sunan tallafi, sai ka sauka a can ka ga haya da abinci da sauran kuɗin duk a wuyanka.

'Yar Anguwan Rogo:
Wallahi haka aka yi wa ɗan maƙwabtanmu. Fili aka sayar aka tura shi, bayan shekara ɗaya ya dawo babu takarda babu fili. Har yau mahaifiyarsa ba ta son a tayar da zancen. Ai hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta sha gargaɗin iyaye a kan tura yara Arewacin Saifurus, amma mutane ba sa ji.

Ɗan Dilimi:
Ni fa ban ga abin ruɗewa a nan ba. Mahaifinka na da shago, ya ce ka zo ka riƙe, wannan ai gata ne. Nawa ne a cikinmu suke da inda za su koma? Na gama karatun tattalin arziki shekara biyar ke nan, na yi yawo da ambulan a Abuja har takalmina ya cinye, daga sakatariyar tarayya zuwa Wuse zuwa Garki. A ƙarshe wajen kawuna na dawo ina sayar da kayan gyaran mota, da shi na yi aure, da shi nake ciyar da gida. Da na san haka ne da tun ranar da na cire kakin bautar ƙasa na shigo kasuwa. Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Ɗan Gangare:
Yaya na gode, na ji maganar ejan. Ɗan Dilimi, ba raina shagon nake yi ba, da shi aka biya min kuɗin makaranta tun daga firamare. Abin da yake ci min rai shi ne a ce duk wahalar nan ta tashi a banza. Sanyin Disamba da muka sha muna karatun dare, tafiyar ƙafa daga Farin Gada in babu kuɗin keke, duk don in dawo ina auna masara da mudu? Kuma ko asibiti na ce zan nema, ba za su ɗauke ni a ɗakin gwaji ba.

Autar Zaure:
Yaya don Allah me ya sa ba za su ɗauke ka ba? Ni ma kwas ɗin aka ba ni, ina aji ɗaya, kuma a gida kowa ya ɗauka a lab ɗin asibiti zan yi aiki.

Anti Malama:
Auta, gara da kika tambaya tun yanzu. Gwajin jini da fitsari na marasa lafiya a asibiti aikin waɗanda suka karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ne. Kwas ne daban na shekara biyar, da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, kuma suna da hukumarsu mai ba da lasisi. Digirinku ba ya ba da wannan lasisin. Idan zuciyarki na kan asibiti, ki je wajen malamin da ke kula da ajinku a wannan makon ki tambayi sharuɗɗan canza kwas, ki kuma dage makinki ya yi sama, don da shi ake duba mai neman canji. Kada ki jira sai aji uku.

Amma fa kada ku ɗauka asibiti ne kaɗai gidan wannan ilimin. A nan Vom akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, tun 1924 take, a can ake yin alluran rigakafin shanu da kaji. Akwai NAFDAC. Akwai babban ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, a Gaduwa da ke Abuja. Kamfanonin abinci da na ruwa irin su NASCO da Grand Cereals da SWAN na Kerang, duk mai sarrafa abin da za a ci ko a sha yana buƙatar mai duba tsabtar kayansa. Ba na ce aiki na jiran kowa a bakin ƙofa ba, amma ƙofofin sun fi ɗaya.

Babban Yaya na Abuja:
Ƙanena, bari mu koma kan makin nan naka, don shi ne abin da yake hannunka a yau. Yunit nawa ka yi, nawa suka rage?

Ɗan Gangare:
Na yi 130, saura 20, a ciki furojet na da 6.

Babban Yaya na Abuja:
To ɗauko biro. 130 sau 3.41 ya ba ka kusan 443. Kafin ka fita da 3.50 a kan yunit 150 kana buƙatar 525. Ke nan 82 kake nema a zangon nan. Tunda a kowane yunit A maki 5 ne, B kuma 4, idan ka ci B a komai, 80 za ka samu, ka faɗi da maki biyu kacal. Amma idan ka ci B a sauran yunit 14, ka ci A a furojet, ka samu 86, ka haye. Ka ga tsakaninka da babbar daraja ta biyu furojet ɗinka ne kawai. Kuma wannan layin na 3.50 shi ne wanda yawancin masu ba da tallafi da jami'o'in waje suke fara dubawa kafin su karanta sunanka ma. Saboda haka watannin nan huɗu sun fi duk wani ejan daraja. Ka rage zaman majalisa, ka manne wa malamin da ke duba aikinka.

Sai magana ta biyu, wadda ba a faɗa mana ba muna ɗalibai. Yawancin manyan tallafin ba a ba wanda ya fito jiya. Chevening na neman shekara biyu ta aiki, awa 2,800, sannan ka rubuta bayanai a kan jagorancin da ka taɓa yi da abin da za ka dawo ka yi wa ƙasarka, kuma dole ka dawo gida na aƙalla shekara biyu bayan ka gama. Shirin DAAD na kwasa-kwasan ci gaban ƙasa shi ma shekara biyu ta aiki yake nema. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na son takardar kammala bautar ƙasa, kuma ɓangaren mai da makamashi ta fi mayar wa hankali. Ta Turkiyya ce ba ta neman ka yi aiki, ana buɗe ta daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, mai neman digiri na biyu kada ya kai shekara 30, kuma za ka fara da shekara guda ta koyon harshensu. Ni sau uku na nema kafin a kira ni intabiyu. Na farko da na biyu ko amsa mai daɗi ban samu ba, kuma da na koma na karanta abin da na rubuta na ga dalili: babu komai a ciki sai "ina son taimakon al'umma". Wace al'umma, da me, ta yaya, ban faɗa ba.

Ɗan Dilimi:
Yaya, da girmanka, amma mutum nawa ne suke samu? Ka sa yaro ya zauna jiran abin da ba tabbas, shekara uku ta wuce, shagon ma ya mutu.

Babban Yaya na Abuja:
Ban ce ya zauna ba. Zaman jira shi ne abin da ya fi kashe mu. Cewa na yi shekara biyun da suke nema, dole a wani wuri zai yi ta.

'Yar Anguwan Rogo:
Tunda ana maganar takardu, bari in faɗi wadda ta fi ba ni wahala, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A Jos aka haife ni, a Jos aka haifi Babanmu, kakanmu ne ya zo zamanin haƙar kuza. Da na tashi neman tallafi aka ce in kawo takardar, inda na fara zuwa aka ce in nemi garin kakana. Na shiga mota na tafi garin da sau ɗaya na taɓa zuwa, ranar wani biki ina 'yar shekara tara. A can kuma aka dube ni aka ce 'yar gidan wa ce ke? Sai da aka nemo wani tsoho ƙanin kakanmu, ya riƙe sandarsa ya raka ni wajen mai unguwa, daga nan wajen dagaci, sannan sakatariya. Zuwa uku na yi. Ranar da takardar ta fito an rufe fom da kwana shida. A tashar mota na zauna na yi kuka na gode Allah. Don Allah duk wanda bai da ita ya nema a hutun nan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Pankshin:
'Yar'uwa, na ji zafin abin da kika faɗa. Ɗan baffana a Kano aka haife shi, Hausa ta fi yarenmu zama a bakinsa, amma da ya zo neman aiki sai da ya dawo Pankshin neman wannan takardar. Matsalar ta ƙasa ce gaba ɗaya, an ɗaure rabon gurabe da asalin kakanni, ba da inda mutum ya tashi ba. Mu da muka zauna aji ɗaya muka ci abinci kwano ɗaya ya kamata mu fi kowa fahimtar juna a kanta.

Mai Kula da Zaure:
Na gode muku ku biyu da yadda kuka yi maganar. Don Allah sauran 'yan'uwa a tsaya a nan, mun san yadda zancen nan yake zafi a garin nan. Darasin dai a nemi takarda da wuri. Ni zan ƙara da fasfo, da kuma tabbatar da cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da WAEC da JAMB. Harafi ɗaya ya sha hana mutane tafiya sansanin bautar ƙasa tare da 'yan ajinsu.

Autar Zaure:
To bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, fa? Babana ya hana ni cikewa, ya ce ba ya son abin da zai kai mu ga riba.

Anti Malama:
Ki yi wa Baba bayani a hankali, ki nuna masa a rubuce. Dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 2024 ta ce babu ruwa a kan bashin, abin da aka ba ki shi za ki biya. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa kuma naira dubu 20 ne a wata. Biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma bashi bashi ne, Auta. Idan gida na iya ɗaukar nauyinki ba tare da an shiga ƙunci ba, ba dole sai kin ci ba. Idan kuwa za ki bar karatu saboda kuɗin rajista, to ki ci, ya fi zaman gida.

Ɗan Gangare, ina da tambaya. A kan me kake yin furojet ɗin?

Ɗan Gangare:
A kan fumfunar da ke kama masara da gyaɗa a wurin ajiya, Anti. Irin wadda take haifar da gubar afulatoksin. Daga sito ɗin Baba ma na ɗebo samfurin farko, sauran kuma daga maƙwabtansa a layin 'yan hatsi.

Anti Malama:
Ikon Allah. Kai yanzu ba ka ga abin da ka rubuta ba? Tun safe kake raba shagon Baba da karatunka kamar gabas da yamma, alhali daga cikin buhunansa ka ɗebo karatun.

Mai Dankali:
Anti kin riga ni. Tun ɗazu nake karantawa ina gona, sai yanzu na samu zama. Ƙanena, ni aikin gona na karanta, kuma da na gama mutane sun yi ta mamakin mai digiri ya koma Mangu yana noman dankalin Turawa. Shekarar farko cutar da ke ƙone ganye ta cinye min rabin gona cikin mako biyu na damina, ganyen ya yi baƙi kamar an watsa masa ruwan zafi. Abin da ya cece ni a shekara ta biyu shi ne na san inda zan je in yi tambaya. Na tafi tashar binciken dankali da ke Kuru, na koyi zaɓen iri mai tsabta da lokacin feshi tun kafin cutar ta bayyana. Yau manoma shida ne suke karɓar iri a hannuna. Ba digirin ne ya yi min huɗa ba, amma shi ya sa na gane abin da nake gani a jikin ganye.

Kai naka ya ma fi nawa kusa. Gubar nan da kake bincike a kai tana lalata hanta, tana hana yara girma, tana kashe kaji ta rage musu ƙwai. Ka san yawan gidajen kaji da ke Jos da kewaye, kuma duk masara suke saye. Mai haɗa abincin kaji da ya san abin da yake yi zai fi son masarar da aka busar da kyau aka auna danshinta. Akwai ƙaramar na'urar auna danshin hatsi, akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba, akwai Aflasafe da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, wanda ake watsawa tun a gona don rage gubar. Mutum nawa ne a layinku suka san waɗannan? Kai ka sani, kuma kana da sito.

Babban Yaya na Abuja:
Wannan ita ce maganar. Ka riƙe shagon shekara biyu, amma ka riƙe shi da littafi. Buhu nawa ya shigo, daga wace kasuwa, danshinsa nawa, nawa ya lalace bara, nawa ya lalace bana bayan ka canza yadda ake ajiya. Ka yi wa shagon rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don aikin ya zama abin da za ka iya nunawa a takarda. Ka tara 'yan layinku ko mutum goma ne ka nuna musu. Ranar da za ka zauna rubuta takardar neman tallafi a fannin lafiyar abinci, kana da abin faɗa wanda ba kwafe ba ne. Ban yi maka alkawarin za ka samu ba, wallahi ba a hannuna yake ba. Amma ko ba ka samu ba, ba ka yi asarar shekara biyun ba.

Ɗan Dilimi:
In dai zai shiga kasuwar, ni ba ni da ja. Abu ɗaya zan ce: kada ka shiga da girman kai. Dattawan layin nan sun fi shekara talatin suna sanin busasshiyar masara da haƙori. Ka fara koyon nasu kafin ka fito da na'ura. Kuma alawus ɗin bautar ƙasa yanzu dubu 77 ne, in Allah ya sa an tura ka inda rayuwa ke da sauƙi, ka daure ka riƙa ajiye wani abu duk wata, shi ne jarinka na farko da ba na Baba ba.

'Yar Anguwan Rogo:
Ni ma na ƙaru. Sai dai mu mata namu lissafin daban ne. Ina aji uku a ilimin koyar da kimiyyar sinadarai, kuma an riga an fara maganar sa rana. Ina son in yi digiri na biyu, ina tsoron kada a ce daga baya.

Anti Malama:
Ƙanwata, kada ki bar shi a "daga baya". A faɗe shi a gaban manya tun kafin a shafa fatiha, waliyyinki ya ji, nasa ya ji. Ni da goyo na yi nawa, ina koyarwa da safe a Bukuru ina shiga lakca ranar Juma'a da Asabar, uwar mijina ce take riƙe min yaro. Da wuya, amma an yi, saboda an yi maganar tun farko. Ki kuma yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, da zarar kin gama. Malamar kimiyya mace abin nema ce a makarantun 'yan mata, ba za ki rasa aji ba in sha Allah. Ki same ni ta akwatin sirri mu ƙarasa.

Ɗan Gangare:
Salam 'yan zaure, na dawo bayan kwana biyu. Na ce wa Umma ta bar adashinta, na kuma daina ɗaukar wayar ejan ɗin. Jiya da asuba na bi Baba kasuwa. Da muka buɗe sito na roƙe shi ya bar ni in jawo buhunan da ke jingine da bango. Na zura hannu ƙasan na ƙarshe na ɗebo, masarar ta yi ɗumi, wasu ƙwayoyin sun yi kore-kore. Ya karɓa ya shinshina, ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya ce duk shekara yana asarar buhu uku zuwa huɗu a wannan kusurwar, ya ɗauka halin damina ne kawai. Na ce masa a ɗora su a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, wannan kuma kada a sayar wa kowa, ko mai kaji. A nan ne ya ɗan yi jim, don kuɗi ne. Daga baya ya ce a ware shi.

Na faɗa masa zan riƙe shagon bayan bautar ƙasa, amma ina neman izininsa in ci gaba da neman karatu, in Allah ya sa na samu ya bar ni in tafi shekara ɗaya ko biyu, ƙanena ya riƙe. Ya ce in fara kawo masa sakamakon zangon nan tukuna.

Yaya, don Allah in na rubuta babi na uku zan turo maka ka duba min. Mai Dankali, nawa ake sayar da na'urar danshin nan, kuma a ina zan same ta?

Mai Dankali:
Kada ka saya tukuna. Ina da ɗaya, ranar Asabar zan shigo Farin Gada da kaya, ka same ni wajen ƙarfe goma in ba ka aro har ka gama furojet. Ka zo da samfurin masarar nan in gani.